Ranar Wanka Ba a Ɓoye Cibiya

KARATU: Markus 5:25-34
AYAR HADDACEWA: Markus 5:33



Matar da muka karanta labarinta yau ta yi shekara 12 tana fama da zubar jini. Ta zaga wurin masu magani da yawa, kuɗinta suka ƙare, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Mun saba tsayawa a inda ta taɓa rigar Yesu ta warke, mu ɗaga hannu mu ce halleluya, kuma hakan daidai ne. Amma ka sake duba aya ta 33. Da Ubangiji ya waiwaya yana neman wanda ya taɓa shi, matar ta fito jikinta yana ɓari, ta durƙusa, ta kwashe labarinta kaf ta faɗa masa. Ciwonta irin wanda mace ke jin nauyin ambata ne, Shari'ar Musa ta lissafta mai shi cikin marasa tsarki, ga kuma taro ya cika wurin. Duk da haka ba ta rage komai ba. Bayan ta gama ne Yesu ya kira ta 'yarsa, ya yaba bangaskiyarta, ya sallame ta cikin salama.

Darasinmu ke nan: mai bi da zai je asibiti ya tafi da addu'a, ya kuma tafi da gaskiya cikakkiya. Allah ne mai warkarwa. Likita bawa ne da Allah ya ba sani, amma ba ya ganin abin da ke ɓoye, sai abin da aka nuna masa ko aka faɗa masa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

LIKITA MA ƊAN ADAM NE

Ka tuna da Eli firist a Shilo (1 Sama'ila 1:12-17). Ya hangi Hannatu leɓunanta suna motsi, murya ba ta fita, nan take ya yanke hukunci cewa ta sha ta bugu. Dattijo ne, ya daɗe cikin hidima, amma ya ga alama ɗaya ya ba ta sunan da ba nata ba. Hannatu ba ta yi shiru ta tafi gida da baƙin ciki ba, ba ta kuma zage shi ba. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa ba ruwan inabi ne ya kawo ta ba, nauyin zuciya ne. Da Eli ya ji cikakken bayani sai ya gyara maganarsa, ya sa mata albarka.

Abin da ya faru da Eli yana faruwa a ɗakin likita. Cututtuka da yawa suna farawa da fuska ɗaya: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, amai. A asibitocinmu kuma likita ɗaya ne a ciki, layi ya kai bakin ƙofa, minti kaɗan ne rabon kowa. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya takan ware ranar 17 ga Satumba kowace shekara domin tsaron lafiyar majiyyata, a shekarar 2024 kuwa abin da ta sa a gaba shi ne a riƙa gano ainihin cuta daidai kuma da wuri. Idan an saɓa sunan cuta, an saɓa magani; kuɗi su tafi, lokaci ya tafi, ciwon na gaskiya kuma yana ta cin mutum a ɓoye.

Dubi abin da muka saba. Jiki ya yi zafi, kafin a ga kowa an riga an yanke hukunci a gida: “Maleriya ce da taifot.” Sai kemis. Alhali tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi gwaji kafin a sha maganin maleriya. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an sani. Shi kuma gwajin Widal da ake yawan yi don taifot, shi kaɗai bai isa hujja ba, domin yakan nuna akwai cutar a jikin wanda ya taɓa yin ta da daɗewa, har ma a jikin mai maleriya. Mutane da yawa sun sha maganin taifot sau uku, sau huɗu, alhali ciwon sanyin mafitsara ne, ko tarin fuka, ko wani abu dabam.

Zazzaɓin Lassa ya isa ya koya mana hankali. A shekarar 1969 aka fara gano shi, bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yau. Aka kai ta Jos, ta rasu, wata abokiyar aiki da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Bayin Allah ne, masu addu'a, amma cutar sabuwa ce ga masana, kuma farkonta kamar maleriya take: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, mutuwar jiki. Yau an san ta. An san fitsari da kashin ɓera a kan abinci ne ke yaɗa ta, an san ta fi yawa da rani, an san wanda aka fara yi wa magani da wuri ya fi samun tsira. To ta yaya likita zai yi zaton Lassa in ba a gaya masa cewa an sha maganin maleriya zazzaɓin bai sauka ba, ko cewa wani a gidan ya rasu da irin wannan ciwo makon jiya?

FAƊIN CIWO BA RASHIN BANGASKIYA BA NE

A nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. An koya mana mu furta rai, kada mu furta mutuwa, kuma koyarwa ce mai kyau. Amma wasu sun ɗauke ta har ɗakin likita. A tambayi ɗan'uwa ko yana da hawan jini, ya ce, “Ba rabona ba ne,” alhali shekara biyu ke nan da aka gaya masa yana da shi. A tambayi 'yar'uwa ko akwai mai ciwon suga a danginsu, ta ce, “Na ƙi shi cikin sunan Yesu.” Likita ya rubuta babu, ya bi wata hanya dabam. Ɗan'uwa, wannan amsa ƙarya ce da aka sa wa rigar bangaskiya, Ruhu Mai Tsarki kuwa Ruhun gaskiya ne.

Ka duba makahon Betsaida (Markus 8:22-25). Yesu ya ɗora masa hannu, ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin yana gaban Mai Warkarwa da kansa, amma bai ce ya warke sarai don ya faranta wa jama'a rai ba. Ya faɗi abin da yake gani: mutane dishi-dishi, sai ka ce itatuwa masu yawo. Yesu bai tsawata masa ba. Ya sake taɓa idanunsa, ganinsa ya washe. Amsar gaskiya ce ta kawo taɓawa ta biyu.

Haka kuma da aka kawo wa Ubangiji yaron nan da ke faɗuwa yana kumfa (Markus 9:20-24), ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara. Uban ya ba da tarihi: tun yarinta, kuma yakan faɗa wuta ko ruwa. Idan Masanin kome ya nemi a faɗa masa farkon ciwo, ina ga likitan da bai taɓa ganinka ba sai yau?

Manzo Bulus, wanda Allah ya yi manyan al'ajibai ta hannunsa, bai ji kunyar kiran ciwo da sunansa ba. Ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Ya ambaci yawan ciwon cikin Timoti (1 Timoti 5:23). Abokin tafiyarsa Luka likita ne (Kolosiyawa 4:14). Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:5-7). Laifin sarki Asa kuwa shi ne ya manta da Ubangiji ya dogara ga masu magani kaɗai (2 Tarihi 16:12). Kai ka nemi Ubangiji da fari, sa'an nan ka je ka faɗa wa likita gaskiya.

KAFIN KA BAR GIDA

Shiri tun daga gida yake farawa. Daren da za ka je asibiti, bayan addu'a, ɗauki takarda da biro, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka.

1. Rubuta yadda ciwon ya fara. Wace rana? A wane wuri yake a jiki? Suka yake yi, ko zafi, ko murɗa? Yana zuwa yana tafiya ne, ko yana nan kullum? Me ke ƙara shi, me ke rage shi? “Jikina ne duk ba daɗi” ba ta ba likita hanya. “Kwana 5 ke nan ina zazzaɓi da yamma, fitsari yana yi mini zafi” ta buɗe masa ƙofa.

2. Sa abin da ya fi damunka a farko. Kada ka ɓata lokaci a kan ciwon gwiwa, sai ka miƙe za ka fita ka ce, “Af, likita, ina kuma ganin jini a bayan gida.”

3. Zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, da kwalayensu. Har da na kemis, da haɗin da ake ƙullawa a leda, da jiƙo, da sassaƙe, da garin da wata gwaggo ta aiko. Farasitamol yakan ɓoye zazzaɓi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha kafin gwaji yakan sa gwajin ya fito babu komai. Magungunan kashe ciwo irin su diklofenak, in an daɗe ana sha, suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda. Wani lokaci maganin da ke aljihunka shi ne tushen ciwon.

4. Ɗauki tsohon katinka, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da hoton ƙirji ko na sikanin in akwai. Ka ajiye su wuri ɗaya kamar yadda kake ajiye takardar baftismarka.

5. Ka san tarihin gidanku: hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon daji, farfaɗiya. Ka san rukunin jininka, AA ne, AS ko SS. In wani magani ya taɓa fesa maka ƙuraje ko ya kumbura maka fuska, ka riƙe sunansa.

6. 'Yar'uwa, ki rubuta ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Ciwon mara tare da ɓatan wata yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wannan kuwa yana kisa cikin sa'o'i in ya fashe. In kina shan maganin tazarar haihuwa, ki faɗa.

7. In yaro ne, a tafi da katin rigakafinsa, kuma wanda ya kwana da shi ya ga yadda ya yi ne zai je.

8. In za a auna sugar jini ta safe, ana bukatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba. Ka tambaya tun kafin ranar, kada a mayar da kai gida ka yi asarar kuɗin mota.

A GABAN LIKITA

Ka shiga da gaisuwa da girmamawa. Mutumin nan wataƙila bai runtsa ba tun jiya. Ka faɗi abin da kake ji a jikinka, ka bar masa aikin sa wa cutar suna. Wanda ya shiga yana cewa “olsa ta ce ta tashi” yana iya jan likita zuwa ga olsa, alhali zuciya ce ke ciwo.

Kada kunya ta rufe maka baki. In kana shan giya ko taba a ɓoye, in ka yi zunubin jiki kana tsoron ka ɗauko cuta, ka tuba ga Allah, ka kuma faɗa wa likita. Aikinsa ya ɗaure shi ya riƙe sirrinka. In akwai ƙullutu a nono, ko ƙaiƙayi ko ruwa a al'aura, 'yar'uwa ki faɗa; kina da iko ki roƙi a kira nas mace ta tsaya kusa lokacin da ake duba ki. Maigida, in ka raka matarka, ka bar ta ta yi magana da bakinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sa'an nan ka yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Karin Magana 14:15 ta bambanta mai gaskata kowace magana da mai lura da takunsa. Ga tambayoyin da bai kamata ka fita ba ka yi su ba:

Likita, me kake gani yake damuna? Ka rubuta mini sunan cutar.
In ba ita ba ce, wace cuta ce kuma za ta iya zama?
Wannan gwajin na mene ne, yaushe zan karɓi sakamako?
Maganin nan sau nawa a rana, na kwana nawa, kafin abinci ko bayan abinci?
Cikin kwana nawa ya kamata in ji sauƙi?
Wace alama ce in na gani zan dawo da gaggawa?

Tambaya ta biyu tana da muhimmanci ƙwarai, domin takan sa likita ya sake tunani a kan abin da ya wuce da sauri. In bai jin Hausa sosai, ko kai ba ka jin Turanci, ka tafi da wanda zai fassara da aminci. Kafin ka tashi, maimaita masa abin da ka fahimta, don a gyara in ka ji ba daidai ba. In an auna jininka an ce ya hau, ka rubuta lambar. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma in ana ta samun 140/90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, magana ta tabbata, ko da ba ka jin ciwon komai.

Wata magana ta musamman gare mu masu azumi. In kana shan maganin ciwon suga ko kana allurar insulin, ka yi shawara da likita kafin ka shiga azumin farkon shekara ko na kwana uku ba ci ba sha. Suga tana iya faɗuwa har mutum ya suma. Haka ma mai ciki, da mai shayarwa, da mai gyambon ciki. Allah yana duban zuciya; fasto zai nuna maka yadda za ka shiga azumin ba tare da ka cuci jikinka ba.

KA KOMA

Littafin Firistoci sura 13 tana da hikimar da ta dace da asibitin yau. In mutum ya zo da tabo a fata, firist zai duba. In abin bai fito fili ba, ba zai yi gaggawar cewa kuturta ce ba. Zai keɓe mutumin kwana bakwai, ya sake dubawa. In har yanzu da shakka, a ƙara kwana bakwai. Ko bayan an ce ya tsarkaka, in tabon ya bazu, dole ya sake dawowa. Allah da kansa ne ya kafa wannan tsari, domin wata cutar ba ta nuna fuskarta a rana ta fari.

Saboda haka in an ba ka ranar dawowa, ka dawo. In an yi gwaji, ka je ka karɓi sakamako, kada ka ce tun da ba su neme ka ba lafiya ce. In ka gama maganin maleriya na kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, kada ka sayi wani a kemis. Koma ka ce ba ka ji sauƙi ba. Tarin da ya kai mako 2, musamman da zufar dare da rama, a gwada kaki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin kuma na wata 6 ne, ba a yanke shi a tsakiya. In ka koma sau biyu, sau uku, babu canji, ka roƙi a rubuta maka takarda zuwa babban asibiti ko wurin ƙwararren likita. Neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne. Karin Magana 15:22 ta nuna cewa shiri yakan tsaya da kyau inda mashawarta suke da yawa.

In kuma ka gaskata Ubangiji ya taɓa ka a wurin addu'a, muna yabon Allah tare da kai. Amma kada ka zubar da maganin hawan jini, ko na suga, ko na farfaɗiya, ko na cutar ƙanjamau, sai an sake gwaji likita ya tabbatar. Yesu da kansa ya aiki kutare goma su je firistoci su duba su (Luka 17:14). Warkarwar da ta fito daga Allah ba ta tsoron ɗakin gwaji, kuma shaidar da ke riƙe da takardar sakamako tana rufe bakin masu shakka.

ALAMUN DA BA A JIRAN GARI YA WAYE

Akwai lokacin da za a yi addu'a a cikin mota, ana tafiya. Ciwon ƙirji mai danna mutum, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da zufa. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi. Jijjiga, ko yaro ya kasa shan nono. Zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata 3 ba. Mai ciki da ke zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi. Numfashi da ƙyar. Aman jini. A irin waɗannan, ka kira fasto a waya ya yi addu'a, amma a nufi asibiti kai tsaye. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Zumuntar mata, matasa, dattawa: ku dubi gwauruwar da ba ta da mai raka ta, da tsohon da ba ya iya karanta takardar magani. Raka marar lafiya asibiti, a riƙe masa layi, a rubuta abin da likita ya ce, hidima ce a gaban Ubangiji kamar wa'azi. Dattawa su shafa mai su yi addu'a bisa ga Yakubu 5:14, su kuma tambaya, “An je asibiti? Me aka ce? Yaushe za a koma?”

ABIN YI A YAU

Nemi ƙaramin littafi ka mai da shi littafin lafiyar gidanka. Kowa da shafinsa: rukunin jini, cututtukan da ya taɓa yi, magungunan da yake sha, da wanda jikinsa ba ya so. In akwai ciwon da ka daɗe kana ɓoyewa, sa ranar zuwa asibiti cikin makon nan.

ADDU'A

1. Uba, na gode domin kai ne ka gina jikina, babu gaɓar da ke ɓoye a gare ka.
2. Ya Ubangiji, ka kawar mini da tsoro da kunya, ka ba ni bakin faɗin gaskiya kamar matar nan da ta durƙusa a gabanka.
3. Ruhu Mai Tsarki, ka ba likitoci, da nas-nas, da masu gwaji, da masu ba da magani ido mai gani da kunne mai ji. Ka sabunta ƙarfinsu.
4. Kowace cuta da ke ɓuya a jikina ko a jikin iyalina, ta fito fili tun da wuri, a gane ta, a yi nasara a kanta, cikin sunan Yesu.
5. Ka tanada wa marasa hali kuɗin gwaji da na magani, ka kuma mai da ni hannun taimako ga wani.

FURCI

Jikina na Ubangiji ne. Ba zan ji tsoron sunan wata cuta ba, gama sunan Yesu yana bisa kowane suna. Zan yi addu'a, zan faɗi gaskiya, zan yi tambaya, zan kuma koma har sai an gane abin da ke damuna. Ubangiji ne mai warkar da ni. Amin.